Dalilin Tashinmu Daga Gyaɗi-Gyaɗi

Na sha jin kuna faɗa a tsakaninku cewa rigimar gado ce ta fitar da mu daga gidan Gyaɗi-Gyaɗi. Ban san wanda ya fara gaya muku haka ba, ban kuma taɓa bincika ba. To ba gado ba ne. Mahaifinmu ya rasu bai bar abin da mutum biyu za su ja a kansa ba, gidan kuwa yayana Alhaji Mamman ne ya gina shi da guminsa, ni zama kawai nake yi a ciki. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, in ban da Lawan, ɗan yayan nawa, shi kuma kun san ba mai yawan magana ba ne. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda aka yi tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

A wancan lokaci Gyaɗi-Gyaɗi bakin gari ce. In ka ba titin Zariya baya ka miƙe, gidaje kaɗan za ka wuce ka faɗa gonakin dawa da gero, haka har Tarauni, wadda ita ma ƙauye ce mai 'yan gidajen ƙasa da itatuwan ɗorawa. Gidanmu babba ne a idon mutanen unguwa, don yana da rufin kwano da rijiya a tsakar gida. Inna, mahaifiyarmu, tana ɗakin da ke kusa da rijiyar. Yaya da matarsa Asabe da 'ya'yansu suna sashen ciki. Ni da mahaifiyarku Hajara, muna sabon aure, aka ba mu ɗaki da rumfa ta wajen zaure. Tukunya ɗaya ake ɗorawa. Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makarantar boko da hannunsa lokacin da maƙwabta ke ɓoye nasu 'ya'yan, shi ya yi mini aure. Shi kansa bai yi boko ba. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami mai kyau, sana'arsa kuma jigilar gyaɗa ce. Yana da manyan motoci biyu na katako da ke ɗauko ta daga wajen Wudil da Rano su kawo Kano. Shekarun fari aka shigo, gyaɗar ta fara ja da baya, motocin sukan yini a ƙofar gida direbobi na kwance a ƙarƙashinsu, amma Yaya yana ganin abu ne na damina ɗaya ko biyu, zai wuce.

Ni kuma ina koyar da Turanci a wata sakandare ta maza, 'yan aji biyar nake da su a shekarar, wato masu fita. Cikin abin da ake tambaya a jarrabawar ƙarshe akwai wasiƙar ofis, irin wadda ake rubuta wa ma'aikata ko kamfani. Yadda aka saba, malami zai ƙirƙiro wani kamfani da babu shi, yara su rubuta masa suna neman aikin da babu shi, malamin ya bi da jan biro ya mayar musu. Na yi haka shekaru har na gaji. Abin da ya fi damuna kuma shi ne, in ka tambayi yaro me zai yi in ya gama, amsar ba ta wuce akawu, malanta ko soja, don su kaɗai ya taɓa gani da idonsa. Alhali a lokacin masana'antu na ta buɗewa a Bompai, ma'aikatun gwamnati na neman 'yan ƙasa ido rufe. Sai na je wa shugaban makaranta da shawara. Na ce kowane yaro ya zaɓi wurin aiki na gaske, ya rubuta wasiƙa ta gaske, ba ta neman aiki ba, ta tambaya: me ake yi a wurin, wane karatu ake bukata, in mutum ya shiga ina zai kai. Shugaban ya ce manyan mutane ba su da lokacin amsa wa yara. Duk da haka ya yarda a yi amfani da akwatin gidan waya na makaranta, ya kuma sa aka ba mu ambulan da kan sarki.

Wahalar ba a Turancin take ba. Na zana musu takarda a jikin allo, na nuna inda adireshin mai rubutu yake zama, da kwanan wata, da adireshin wanda ake rubuta wa, da kan magana a ja masa layi, sannan bukata ta zo a jimlar farko, a rufe, a sa hannu. Duk suka kwafe. Da suka kawo aikin farko sai na tarar kowa ya cika rabin shafi da gaisuwa. Yana fatan manaja yana lafiya, da iyalinsa, da ma'aikatansa, yaya aka ji da zafi, Allah ya ƙara girma. Bukatar tana can ƙasa a raɓe kamar mai jin kunya. Na soke gaisuwar duka. Sai wani yaro ɗan Darmanawa ya ɗaga hannu.

"Malam, yanzu sai mutum ya faɗa wa babba gida ba sallama?"

Na ce masa sallamar tana nan, kalma biyu ce a sama, sauran ladabin kuma yana cikin tsabtar takarda da gajarta magana, domin mutumin da wasiƙu suka cika wa tebur, girmama shi shi ne kada ka ɓata masa lokaci. Ba su gamsu ba, amma sun bi. Wasu sai da suka yi ta sake rubutu har yatsunsu suka rine da tawada. Na hana goge-goge, na hana roƙo, na hana mutum ya ce shi maraya ne ko ɗan talaka don a ji tausayinsa. Na ce kowa ya faɗi ko shi wane ne, da abin da yake son sani, da dalilinsa, kada ya rubuta abin da ba zai iya maimaitawa a gaban mutumin ba in an kira shi.

Lawan yana cikin wannan ajin. Shi ne ɗan farin Yaya, don haka uban ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce yaron nan. A makaranta Malam yake ce mini, a gida Baffa, bai taɓa cakuɗa su ba. Yaro ne mai shiru, mai ƙoƙari a lissafi da labarin ƙasa. Kowa a gidan ya san dalilin da ya sa aka sa shi a boko. Yaya ya gaji da ɗaukar takardun kamfanonin sayen gyaɗa yana kai wa mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, ko ya zauna jiran in taso daga makaranta. Yana son ɗansa ya zauna masa a kan harkar, ya karanta, ya amsa, in ƙarfinsa ya ƙare ya karɓi motocin. Saboda haka da ya ji ana koya musu wasiƙar ofis murna ya yi. Har ya ce wa Inna a gabana sai yanzu makarantar ta fara koyar da abin da zai amfani mutum.

Yara suka zaɓa. Wasu banki, wasu masaƙa, wasu reluwe, wasu asibitin dabbobi, ɗaya gidan rediyo. Lawan ya ce shi ofishin masu duba yanayi da ke filin jirgin sama zai rubuta wa. Ni ban ma san ana karɓar wasiƙa a irin wurin ba. Na tambaye shi dalili, ya ce ya daɗe yana ganin mutanen ƙauye na shigowa gari da tabarmi da tukwane a ka saboda ruwa ya ƙi sauka, yana son ya san ko akwai masu bin diddigin abin, ko kuwa kowa jira kawai yake yi. Na ce ya rubuta hakan yadda ya faɗa mini. Wasiƙarsa ba ta cika shafi ba.

Bayan 'yan makonni amsoshi suka fara zuwa. Da yawa ba a kula su ba, kamar yadda shugaban ya faɗa. Wasu aka aiko musu da takardar da aka buga tun tuni, ba ko suna a jiki. Amma waɗanda aka amsa wa da sunansu, a takarda mai tambari, bugun tafireta, na ga yadda suka karɓi ambulan ɗin da hannu biyu. Yawancinsu ba a taɓa rubuta sunansu a bayan ambulan ba. Kowace amsa a gaban aji ake karanta ta mu tattauna, wanda bai samu tasa ba ya amfana da ta wani. Ta Lawan daga wani babban jami'i ta zo, mutumin Kudu. Ya amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ce 'yan Arewa sun yi ƙaranci a aikin, in yaron yana so ya zo wata Asabar ya gani da idonsa. Lawan ya nemi izinin babansa, Yaya ya ce ya je, yana ɗauka kallon jirage ne. Na ba shi aron kekena. Ya dawo bayan la'asar, ya zauna a bakin rijiya ya yi magana fiye da duk yadda na taɓa jin ya yi. Ma'aunin ruwan sama, da wani farin akwati mai ma'aunin zafi a ciki, da balan-balan da ake saki sama ana bin sa da madubi, da manyan littattafai da aka rubuta ruwan kowace damina tun zamanin Turawa. Inna ta saurare shi har ya gama, ta ce ashe akwai waɗanda ake biya don su kalli sama.

Aka yi jarrabawa, sakamakonsa ya yi kyau. Jami'in nan bai manta da shi ba, ya aiko a ce masa ana ɗaukar sababbi. Lawan ya gaya wa babansa, Yaya ya ce ya gwada mana, ai gwamnati ba ta ɗaukar ɗan kowa sai mai hanya. Ya gwada, suka ɗauke shi. Za a tura shi Ikko, wato Legas, ya koyi aikin, in ya gama a kai shi duk tashar da aka ga dama a faɗin ƙasar. Shi da kansa ya kai wa uban takardar a zaure, Yaya ya miƙo mini na karanta na fassara. Ya karɓa ya ninke ya miƙa wa yaron, ya tashi ya fita wajen direbobinsa.

Abin da ya fara fitowa daga bakinsa bayan kwana biyu shi ne aikin bai halatta ba. Ya ce sanin ranar da ruwa zai sauka gaibu ne, gaibu kuma na Allah ne, ba zai ci abincin da aka samo da da'awar sanin gaibu ba. Da kansa ya je wurin limamin unguwa ya tambaya, ina jin yana sa ran a goya masa baya. Liman ya ce masa matar da ta ga hadari ya taso daga gabas ta kwashe shanya ba ta yi da'awar komai ba, alama ta gani, su ma waɗannan alama suke aunawa, in dai sun bar wa Allah hukunci babu laifi. Yaya mutum ne mai gaskiya, ya dawo ya faɗi amsar yadda aka ba shi, bai rage ba. Daga ranar bai sake ambaton gaibu ba. Sai ainihin maganar ta fito fili, cewa shi ya shuka, ya yi ban ruwa, ga shi lokacin girbi wani zai zo ya ɗauke.

Gidan ya canza ba tare da an ɗaga murya ba. Asabe kunyar ɗan fari ba ta bar ta ta yi maganarsa a fili ba, amma ta daina zama hira da mahaifiyarku, in sun haɗu a madafa sai abin da ya zama dole. A wurinta Ikko gari ne da yake haɗiye mutane, ta san waɗanda suka tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Inna tana tsakiya. In Yaya ya shiga gaishe ta sai ta ce masa shi ma ai yana ƙarami ya bar gonar ubansa ya bi mota, ba wanda ya tsine masa. In ni na shiga sai ta ce ni na jawo, da na bar yara suna rubuta wa kamfanin ƙarya da duk haka ba ta faru ba. Mahaifiyarku tana da cikin fari a lokacin. Ba ta ce mini yi ko bari ba. Abin da kawai ta faɗa, tana ninke kaya ba ta ko kalle ni ba, shi ne in tuna a gidan wa muke kwana. Shi kuwa Lawan ya ce ba zai taka ko'ina ba sai babansa ya ce ya je, amma kuma ba zai ce ba ya so ba alhali yana so. Kullum da safe yana fita ya taya yaran mota wanki, ya dawo ya zauna.

Lokacin da aka ba shi ya bayyana a Ikko yana matsowa. Wata Juma'a bayan la'asar Yaya ya aika a kira ni zaure. Na tarar ya shimfiɗa buzunsa, ga farar takarda da biro da ambulan a gabansa, duk sababbi, da alama shi ya sayo su. Muka gaisa. Ya turo mini su.

"Malam Isyaku, kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Rubuta musu da sunan yaron nan, ka ce ya gode, ya fasa. Zai sa hannu."

Na tambaye shi ko Lawan ɗin ne ya ce ya fasa. Ya ce yaro ba ya cewa, ce masa ake yi. Na san zai sa hannun, domin bai taɓa yi wa ubansa musu ba. Na ce wa Yaya ya yi haƙuri, ba zan iya sa wa yaron magana a baki ba, shekara guda na yi ina hana su rubuta abin da ba haka yake ba, shi ma yana zaune a ajin yana ji. Amma in Yaya yana so, yanzun nan zan rubuta da sunansa shi, a matsayinsa na uba, cewa bai amince ɗansa ya tafi ba. Haƙƙinsa ne, za su girmama shi, ni da kaina zan kai gidan waya gobe. Sai ya ce:

"Wato in aika wa baƙi takarda ta zauna a ofishinsu, cewa Mamman ne ya tare wa ɗansa hanya."

Na ce ba lallai a faɗe shi haka ba, amma ma'anar ke nan. Ya ce tun ranar da ya kama hannuna ya kai ni makaranta bai taɓa neman wani abu a wurina ba, yau ce ta farko. Na ce gaskiya ne. Ya tattara takardar da biron ya sa a ƙarƙashin buzu, ya ce in je, ya gode.

Masu rubuta wasiƙa suna nan a bakin gidan waya, ya san su, sun san shi. Da ya je wurin ɗayansu da an gama cikin ɗan lokaci, Lawan ya sa hannu, magana ta mutu. Bai je ba. Har yau ban san abin da ya hana shi ba. Mahaifiyarku tana ganin ba ya son kai maganar gida waje. Inna ta ce shi ma a ransa bai so ya hana ba, so yake wani ya ɗauke masa nauyin hanawar, ni kuma na ƙi ɗauka. Ban taɓa tambayarsa ba.

Cikin satin ya shiga ɗakin Inna ya ce ta gaya wa yaron nan ya shirya kayansa, Allah ya ba da sa'a. Washegari ya tsayar da ni a ƙofar gida zan hau keke. Babu faɗa a muryarsa. Ya ce gidan ya yi mana kaɗan, ga Hajara za ta haihu, ga nasa yaran suna girma, ya kamata in nemi wuri kafin damina. Na ce to. Ranar tafiyar Lawan, uban ya ba shi hannu a zaure, ya yi masa addu'a gajeriya, ya koma ciki. Asabe ba ta fito ba, ta aiko da dambun nama a cikin kwano. Ni na raka shi tashar jirgin ƙasa, na ɗaura akwatinsa a bayan keke muna tafe a ƙasa har muka samu mota.

Ina da ɗan fili a Tarauni da muka saya mu malamai a jere, na tayar da ɗaki biyu na ƙasa a ciki na bar su ba rufi. Na sa aka rufa su da gaggawa, aka zagaye da katangar ƙasa. Ranar tashi Yaya ya ba da mota ɗaya da direba aka kwashe mana kaya, kayan ba su ko rufe ƙasan motar ba. Wannan gidan da kuka tashi a ciki ke nan, amma ba yadda kuka san shi ba. Babu rijiya, babu maƙwabci sai can nesa, bayanmu gonar dawa ce. Wahalar a kan mahaifiyarku ta sauka, ba a kaina ba. Ni ina fita makaranta in ga mutane. Ita ta baro gida mai cike da mata da yara ta dawo tana yini ita kaɗai da tsohon ciki, tana jiran mai garuwa da ba kullum yake zuwa ba. A nan ta haifi Binta. Inna ce ta biyo ta cikin gonaki ta zo ta zauna da ita har ta yi arba'in. Ranar suna Yaya ya aiko da rago, shi bai zo ba. Mahaifiyarku ba ta taɓa goranta mini wannan shekarar ba har ta koma ga Allah, amma in ana hirar zaman Gyaɗi-Gyaɗi takan tashi ta nemi wani aiki.

Duk Juma'a nakan je in gaishe da Inna, in tsaya a zaure in gaishe da Yaya. Yana amsawa cikakkiyar amsa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Daga nan sai in ɗan zauna in tashi. Ba mu sake cin abinci a kwano ɗaya ba. Mutanen unguwa da suka ga ƙane ya kwashe kaya ya bar gidan wa, dole su nemo wa abin dalili, ina jin a nan zancen gado ya samo asali. Darasin wasiƙa kuwa ban daina ba. Shekarar da ta biyo baya na sake yi, na ci gaba har na bar aji. Abu ɗaya na ƙara, kowane yaro ya gaya wa mahaifinsa inda zai rubuta kafin a manna kan sarki, don in akwai magana a yi ta tun da wuri. A cikin waɗanda suka bi ta hannuna akwai wanda ya ƙare a reluwe, akwai likitan dabbobi, akwai da yawa da suka koma sana'ar iyayensu suna rubuta musu takardu masu tsabta, wanda shi ma amfani ne.

Lawan ya gama koyon aikinsa aka tura shi Nguru, daga baya wasu wuraren. Yana zuwa da sallah, yana aiko da abin da ya samu, uban yana karɓa yana sa albarka. Tsakaninsu bai ɓaci ba yadda nawa da Yaya ya ɓaci. Gyaɗa kuwa ba ta dawo ba. Yaya ya sayar da mota ɗaya, bayan wani lokaci ya sayar da ɗayar, ya buɗe shagon siminti a bakin titin Zariya, don a lokacin gari ya fara cin gonaki, kowa gini yake yi. Na sha jin ana cewa da Lawan ya zauna da motocin ba su tafi ba. Ni ban ga yadda iya rubuta wasiƙa zai sa gyaɗa ta yi 'ya'ya a gonar da ta ƙi ba. Amma na san Yaya ya tsufa a shagon nan yana kiran yaran maƙwabta su karanta masa takardar kaya, kuma ba don haka ya kai mutum biyu makaranta ba.

Inna ta rasu wajen ƙarshen waɗannan shekarun. Na ɗauka da rasuwarta ɗan abin da ya rage tsakaninmu zai yanke, tunda ita ce dalilin zuwana gidan. Ban daina zuwa ba dai, shi ma bai canza ba. Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, wata Asabar da hantsi, ina tsakar gida ina gyaran keke sai Binta ta shigo da gudu ta ce ga wani tsoho yana sallama. Na fita na ga Yaya. A ƙasa ya zo, da sandarsa. Bai taɓa taka gidan ba sai ranar. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, mahaifiyarku ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa da fura. Ya sha ruwan, ya ɗan taɓa furar. Ya sa aka kawo masa ku ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka haifa a lokacin, ya dafa kanku, ya tambayi sunan kowa ko da yake ya san su. Ina ta jiran ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya yi zancen tsadar hatsi, ya yi zancen sabon titin da ake cewa za a yi. Sannan ya miƙe, ya ce zai ga gidan. Ya zagaya a hankali, ya leƙa rijiyar da na haƙa daga baya, ya tsaya a jikin katangar baya, wadda ruwa ya ci gindinta. Ya ƙwanƙwasa ta da sanda, ƙasa ta zubo.

"Wannan ba za ta kai ƙarshen damina ba. Ga yara a gida. Gobe ka turo a ɗauki siminti."

Na ce to, Yaya, Allah ya saka da alheri. Ya ce amin. Na ce bari in ɗauko keke in kai shi, ya ce a'a, ƙafarsa tana bukatar tafiya. Na raka shi har inda gidaje suka ƙare, ya ce in koma haka nan. Na tsaya ina kallonsa ya bi ta hanyar gonaki, bai waiwayo ba.

Washegari na tura mai amalanke aka ɗauko simintin, aka buga bulo aka tayar da katangar. Bai sake zuwa ba, bai kuma ga aikin ba, don kafin damina ta gaba ta kama ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Katangar ita ce wadda kuke jingina baburanku a jikinta in kun zo gaishe ni.